Tsohuwar da Ke Layi na Ashirin da Bakwai

Tun da aka sa jikarta Prisca a makaranta, Mama Scholastica ta rasa abin yi a garin Greensboro na ƙasar Amurka. Shekara uku ke nan da 'yarta Nanret ta ɗauko ta daga Pankshin don ta taya ta reno, ga shi renon ya ƙare. Nanret nas ce, da sassafe take fita asibiti. Mijinta Jerry kuwa a wani katafaren sito yake aiki, shi ma ba ya wuni a gida. Da zarar motar makaranta ta ɗauke Prisca sai gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai gurnanin motocin titin Wendover Avenue da ba sa yankewa. Mama ta share inda ta share jiya, ta goge tukunyar da ba ta yi datti ba, sannan ta zauna bakin taga. Matar da ta yi shekara talatin da biyar riƙe da alli a gaban aji, yau ba mai tambayarta ko ƙarfe nawa.

Wata Asabar Nanret ta sauke su a babban laburaren cikin gari, ita da Prisca, don ana karanta wa yara labarai a can. Yarinyar ta shige cikin 'yan'uwanta. Mama ta gaji da tsayuwa, sai ta hau bene tana 'yan dube-dube. A wani ɗaki ta tarar da wata dattijuwa baƙar fata, doguwa, kanta fari fat da furfura, ta kusa manna hancinta a allon kwamfuta. Abin da ke allon hoton wata tsohuwar takarda ce mai layi-layi, cike da rubutun hannu irin mai haɗe da juna.

"Samuel," in ji dattijuwar, tana magana da kanta. Ta kai hannu za ta buga.

Halin malanta ba ya barin mai shi. Kafin Mama ta ankara bakinta ya riga ya buɗe.

"Ba Samuel ba ne, Madam. Lemuel ne."

Matar ta waiwayo, ta dube ta ta saman tabarau. "Kin tabbata?"

"Dubi layi na huɗu, inda ya rubuta Lucy. Haka yake lanƙwasa harafin farkon. L ɗinsa da S ɗinsa kamar Hassan da Usaini suke, amma L ɗin yana jan jela a ƙasa."

Matar ta duba, ta sake dubawa. Sai ta janyo kujerar da ke kusa da ita ta ce, "Zauna nan. A ina kika koyi karanta wannan?"

"A makarantar sistocin coci. In ka rubuta harafi bai haɗu da ɗan'uwansa ba, rula ce a bayan hannu."

Dattijuwar ta kwashe da dariya har wani da ke karatu a gefe ya ɗago kai. Ta ce sunanta Dalila, ta yi ritaya daga gidan waya. Su bakwai ne 'yan sa-kai, suna haɗuwa Talata da Alhamis suna sake kwafe takardun ƙidayar jama'ar wannan yankin ta shekarar 1870 zuwa kwamfuta, don kwafin farko da aka yi kurakurai sun yi masa yawa, masu neman asalinsu suna buga suna ba sa samu. Yaran yanzu kuwa irin wannan rubutun ya fi ƙarfinsu. Ba a biyan ko kwabo, in ji ta, sai dai shayi da biskit.

Da Mama ta kawo maganar a gida, Nanret ta ce, "Mama, ke da ko saƙon waya sai na rubuta miki? Kuma wa zai riƙa kai ki?"

"Bas ɗin da nake gani yana wucewa nan kullum, aljanu yake ɗauka?"

Ran Talata ta ɗaura zaninta, ta saka tabarau a jaka, ta hau bas. Ta zarce tashar da ya kamata ta sauka har sai da direban ya ce mata an zo ƙarshe, ashe ƙarshen ma bai da nisa da laburaren. Ta ƙarasa da ƙafa.

Makon farko ta sha wuya. Da yatsa ɗaya take buga haruffa, kamar kaza na tsattsagar dawa, kafin ta gama layi biyar wasu sun cinye shafi. Amma duk wanda suna ya gagara sai ya kira ta. Nan da nan aka raba aiki: ita ta karanta, Dalila ta buga. Doka ɗaya ce a ɗakin, an liƙa ta a bango: ka rubuta abin da ka gani, ba abin da kake zato ba.

Kowane shafi layi arba'in ne, kowane layi mutum guda: suna, shekaru, launin fata, sana'a, inda aka haife shi, ko ya iya karatu. Mama ta tambayi abin da ya sa suka dage a kan wannan shekarar. Sai Dalila ta buɗo mata wata takardar ta shekara goma kafin nan. A sama ga sunan maigida. A ƙarƙashinsa kuwa babu suna ko ɗaya: namiji, shekara ashirin da huɗu, baƙi. Mace, shekara goma sha tara, baƙa. Mace, shekara ɗaya.

"Bayi ke nan," in ji Dalila. "A 1870 ne aka fara rubuta mu da sunayenmu, bayan an ba mu 'yanci. Duk wanda ke neman kakanninsa a cikinmu, nan yake zuwa ya ci karo da bango."

Mama ta daɗe tana kallon layin jaririyar nan. Can ta ce a hankali, "A garinmu ko akuya tana da suna."

Daga ranar ba ta ƙara fashi ba, ko ana ruwa. Akwai kuma abin da ta fi sauran sani, wanda ba a makarantar sistoci ta koya ba. A ƙidayar Najeriya ta 1991 malaman makaranta aka ɗiba, ita ma tana ciki. Kwana uku tana bin ƙauyukan kan dutse da jaka a kafaɗa, tana dangwala wa mutane tawada a babban yatsa. Don haka ta san malamin ƙidaya da kunne yake rubutu, abin da ya ji shi yake sawa. Ta san kuma yadda hannu ke lalacewa in rana ta take. Takan duba shafi ta ce, "Wannan bawan Allah yunwa ta fara cinsa, ku dubi yadda yake gaggawa." In suna ya rikice sai ta rufe ido ta faɗe shi da ƙarfi, ta sa Dalila ta maimaita da irin lafazin mutanen nan, har ya fito.

A wajen shan shayi ne Dalila ta gaya mata abin da ya kawo ta aikin. Shekara goma sha ɗaya tana neman mutum guda: Israel Lassiter, maƙeri, mahaifin kakar mahaifiyarta. Sunan kakar nan aka sa mata. Dangi sun san sunansa, sun san sana'arsa, har guduma suna da ita wadda aka ce tasa ce, amma ba takardar da ta taɓa nuna ya yi rayuwa a duniya.

"Na buga sunan nan ta kowace fuska," in ji ta. "Na haƙura. Yanzu na wasu nake nema musu."

A watanta na huɗu a aikin, wata Alhamis da hantsi, suna tsakiyar shafukan wata unguwar karkara ta kudancin gari. Malamin da ya yi wannan yankin shi ne mai L da S ɗin nan. A gefen allo akwai abin da masu kwafin farko suka rubuta, a layi na ashirin sun sa Jerel Sassiter. Mama ta ƙara girman hoton. Ta bi jelar harafin da ido. Ta koma sunan farko, ta ga abin da aka ɗauka J ne ashe I ne mai ƙaton ciki. Ta faɗa a ranta, ta sake faɗa a fili.

"Isrel."

Yatsun Dalila suka tsaya a kan madannai.

"Isrel Lassiter," in ji Mama. "Shekara talatin da huɗu. Sana'a, ƙira."

"Kada ki yi mini wasa, Mis Scholastica."

"Ni da furfurata? Ki saurara. Mariah, talatin, aikin gida. Thomas, goma sha ɗaya. Ruth, tara. Amos, bakwai. Eli, biyar." Ta sauko layi na gaba. "Dalila, shekara uku."

Dalila ta cire tabarau ta kife fuskarta a tafin hannu. Sauran 'yan ɗakin suka bar kujerunsu suka zagaye su, wani ya fara tafi, wata ta ruga neman takardar share hawaye. Mama ta dafa bayan ƙawarta tana cewa, "Sannu, sannu, mun gode wa Ubangiji," da Hausa, ba ta ma san ta sauya harshe ba.

Da hayaniyar ta lafa ta koma ga shafin, don gidan bai ƙare ba. Akwai sauran mutum ɗaya kafin lambar gida na gaba, a layi na ashirin da bakwai.

"Hagar," ta karanta. "Mace. Shekara tamanin. Ba ta da sana'a."

"Wa ce Hagar?" in ji Dalila tana share ido. "Ban taɓa jin ta ba."

Mama ta bi layin zuwa gurbin inda aka haife ta. Tun daga saman shafin har ƙasa abu ɗaya malamin yake maimaitawa, sunan jihar nan, North Carolina, North Carolina. A wannan layin kaɗai ya rubuta wata kalma dabam, a fili, ba ko gardama.

"Afirka," ta ce.

Dalila ta kama hannun Mama ta riƙe gam, kamar wadda za a ƙwace mata.

"Uwarsa ce. Dole uwarsa ce. Daga wajenku take, Mis Scholastica, ƙila ma daga garinku." Ta jawo madannan. "Akwai wurin ƙarin bayani. Bari in sa: mahaifiyar Israel."

"A'a, Madam Dalila."

"Me?"

"Malamin bai rubuta haka ba. A wannan ƙidayar ba su tambayi dangantaka ba, ke kika koya mini. Tana iya zama uwarsa, tana iya zama kakarsa, ko uwar matarsa. Tana iya zama ba kowa ba ce tasa."

"Dangina ne, ba naki ba."

"Na sani. Amma in dai ni na karanta shafin nan, ba zan ce na ga abin da ban gani ba."

Dalila ta saki hannunta. Ta tattara jakarta ta fita ba sallama. Talatar da ta biyo baya ba ta zo ba, Alhamis ma kujerarta ba kowa. Mama ta yi ta bugun haruffanta da yatsa ɗaya ita kaɗai, abinci ma ya daina yi mata daɗi. Nanret ta ce, "Mama, ke ma da taurin kai. Kalma biyu ce fa, da kin bar ta ta sa."

Ran Lahadi bayan an taso daga coci ta dafa gwaten acca da yakuwa, ta zuba a kula, ta ce wa Nanret ta kai ta gidan Dalila. Wani ɗan ƙaramin gida ne a lungun da ya ratse daga babban titin Gate City Boulevard, bayan wajen masu sayar da motoci. Sun same ta a baranda tana zaune. Nanret ta gaishe ta ta koma mota.

"Ban zo ba ki haƙuri a kan shafin ba," in ji Mama bayan ta zauna. "Labari na zo ba ki."

Ta ce a rana ta uku ta ƙidayar 1991, da la'asar sakaliya, saura mata gida ɗaya. Wata bukka ce can ƙololuwar dutse, ana hango hayaƙinta daga ƙasa. Ƙafarta ta kumbura, ga cikin Nanret wata shida. Sai ta tambayi wata mata a gindin dutsen wa ke zaune a can. Matar ta ce wata tsohuwa ce ita kaɗai, kowa Kaka yake ce mata. Mama ta zauna a kan wani falalen dutse ta cike layin. Suna, Kaka. Shekaru, ta sa saba'in. Sauran guraben duk ta cike da ka, ta koma gida.

"Ba wanda ya kama ni. An ma yaba mini, wai na gama da wuri. Na manta da abin sai da na zo ɗakin nan naku na ga yadda mutum ke shekara goma sha ɗaya yana neman layi guda. Matar nan tana da suna, 'yar'uwa. Uwarta ta raɗa mata. Da na hau, da ta gaya mini. In wani jikanta ya taɓa zuwa nema, ƙaryata zai tarar, kuma zai yarda da ita don a takardar gwamnati take." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Sau ɗaya na yi wa tsohuwa haka. Ba zan ƙara ba."

Motoci suna ta wucewa a can babban titi.

"Ina so ne kawai ta zama tawa," in ji Dalila.

"To wa ya ce ba taki ba ce? Ki duba abin da takardar ta faɗa da bakinta. Mutum ne da bai fi shekara biyar da samun kansa ba, ga mata, ga 'ya'ya biyar, da guduma kaɗai yake ci da su. Amma ga tsohuwa 'yar tamanin a ɗakinsa, wadda ba ta iya ɗaga ko tsinke. Yana ci da ita. Ya ba malamin ƙidaya sunanta a cikin iyalinsa. A wajenmu, wadda ka yi wa haka, ko ba ita ta haife ka ba, ba mai tambayarka kuma."

Dalila ta ja dogon numfashi. Ta dubi kular da ke kan tebur. "Mene ne wannan kika kawo?"

"Gwate. Sai da cokali."

Ta ɗauko cokula biyu. A loma ta farko tsamin yakuwa ya sa ta runtse ido, a ta uku ta ce a bar mata sauran.

Ran Talata ta dawo kujerarta. A wurin ƙarin bayanin suka rubuta tare: tana zaune a gidan Israel Lassiter, ba a faɗi dangantakarsu ba. A makon kuma Mama ta kira ƙanenta Malachy a Pankshin, ta kwatanta masa dutsen. Ya ce bukkar ta daɗe da rushewa, amma ya ji ana cewa akwai wani jikan gidan da ke gyaran babura a Bukuru, zai bincika in ya shiga. Ta ce ya yi ƙoƙari, suna kawai take so.

A watan Yuli dangin Dalila suka yi taronsu na shekara a wani lambun shaƙatawa, suka aiko wa Mama da katin gayyata ita da iyalinta. Mutum ya fi ɗari, wasu daga garuruwa masu nisa, duk sanye da riga iri ɗaya. Hayaƙin gashin nama ya tashi, yara suna guje-guje, Prisca ta shige cikinsu kamar dama can ta san su. An ɗora gudumar nan a kan wani tebur, kusa da ita hoton shafin ƙidayar an buga shi ƙato.

Kafin a ci abinci, al'adarsu ce a kira sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kowane suna jama'a su amsa. Dalila ta karanta nata jerin, ta kai kan Israel da Mariah da 'ya'yansu. Sannan ta ce saura ɗaya, kuma ba ita za ta kira shi ba. Ta miƙa wa Mama makirufo.

Mama ta miƙe cikin atamfarta da ɗaurinta na zuwa coci. Ta yi tsayuwar da ta saba yi a gaban aji.

"Hagar," ta ce. "An haife ta a Afirka. Ba mu san garinsu ba, ba mu san sunan da uwarta ta sa mata ba. Mun dai san ta tsufa a cikin mutanen da suka riƙe ta."

Jama'a suka amsa da amin, wasu suna ɗaga hannu sama.

Tana cikin cin abinci sai ga wani dattijo ya doso ta yana dogara sanda, riƙe da kwalin takalmi a hammata. Dalila ta ce ɗan kawunta ne, daga Baltimore ya zo. Ya ajiye kwalin a gabanta ya buɗe. Wasiƙu ne cike, sun yi ja don tsufa, an ɗaure su da zare.

"Na kakata ne," in ji shi. "Tun rasuwar mahaifiyata suke wajena. Idona ya tafi, 'ya'yana kuma sun ce ba sa gane rubutun. An ce ke kina iyawa."

Mama ta ture farantinta gefe, ta goge hannu sosai, ta sa tabarau. Ta zare ta sama a hankali don kada ta yage. Da fensir aka rubuta ta, kwanan watan Maris na 1923.

"Zuwa ga 'yar'uwata abin ƙaunata," ta fara. "Ina fata kina lafiya. Mun iso lafiya, sai dai sanyin garin nan ba irin namu ba ne, kuma Amos ya bar hularsa a jirgin ƙasa."

Dattijon ya fashe da dariya har sandarsa ta faɗi. "Kawu Amos ke nan! Sunan kakansa ya ci. Har ya mutu bai daina yar da hula ba."

Mutanen teburin gaba suka jiyo, suka fara janyo kujeru. Nanret ta zo ta tsaya a bayan uwarta, ta raɗa mata cewa Jerry yana da aiki da yamma, ya kamata su kama hanya.

"Ku je," in ji Mama, idonta na kan takardar. "Madam Dalila za ta kawo ni."

Ta juya shafin ta ci gaba da karatu.